Ɗan Wari a Kwandon Masi

Shekaranjiya wasu 'yan mata biyu suka yi sallama a gidana da leda cike da naman kaza. Ba na akurki nake nufi ba, wanda ke tsirowa a ƙasa bayan ruwan sama nake nufi, wanda 'yan birni ke kira laimar kwaɗi suna yatsina fuska. Ɗayarsu ta ciro waya ta nuna mini hoto, ta ce wayar ta riga ta tabbatar musu na ci ne, sun dai biyo in sa musu albarka tunda an ce a Vinikilang ni ce tsohuwar hannu. Na ce to madalla, ta kara wayar a bakin ledar ta shinshina mini. Suka kwashe da dariya, sun ɗauka tsokana ce irin ta kaka. Rabinta tsokana ce. Na sa suka juye ledar a rami suka rufe da ƙasa, suka tafi suna ƙunƙuni.

Su da irinsu nake wa wannan bayani. Kuna ganin sana'ar ba ta da wuya: a shiga daji, a duƙa, a tsinta, a kai kasuwa. Na yi shekara talatin da wani abu ina yin ta, daga gindin dutsen Bagale zuwa kasuwar Jimeta, kuma duƙawar ce mafi sauƙi a ciki. Ainihin aikin shi ne ki ce wa mutum ya ci, ya ci, ya ba 'ya'yansa, don kawai ke kika faɗa.

Kwandona na farko ban tsinci ko ƙwaya ɗaya a cikinsa ba. Dada Ladi ce ta koya mini, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Bata maƙwabciyarmu, gajera, mai saurin tafiya da saurin faɗa. Lokacin ina da yara biyu, abin da muke nomawa ba ya kai mu shekara, sai na roƙe ta ta riƙa tafiya da ni. Damina guda cur ita ke tsinta ni ke ɗauka. In na miƙa hannu sai ta make shi da sandar da muke kaɗa ciyawa saboda macizai, ta ce sai na san abin da nake kallo tukuna. Na sha komawa gida ina rantsuwa ba zan ƙara bin ta ba, gari na wayewa in tarar da kaina a ƙofarta.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Kwando ake riƙewa, ba leda ba, domin leda tana sa shi gumi, kafin ki haye gada ya koma kunu. Ana shimfiɗa ganyen kalgo a ciki, a jera, a sake rufewa da ganye. Akwai ɗan tsinken itace mai faɗin baki da ake cusawa a ƙarƙashi a ɗago shi gaba ɗaya, ya fito da ƙafarsa da ƙasar da ke jikinta. Akwai faifai na bazawa a duba. Wuƙa kuwa ba ta zuwa daji, ruwa kuma ba ya taɓa kaya sai a gidan mai dafawa. Na ƙarshe shi ne hanci, kuma Dada Ladi ta fi kula da shi fiye da sauran duka. Ranar daji ba turare, ba man zafi, ba a tsayawa kusa da mai soya ƙosai. Ta taɓa koro ni gida daga tsakiyar hanya don ta ji ƙanshin sabulu a zanena.

Manyan ba su da wahalar ganewa. Wanda ke fitowa a jikin suri, mai dogon jijiya da ke nutsawa har gidan gara, ko makaho ya riƙe shi ya san shi. Ƙananan su ne jarrabawa, kuma su aka fi so a miya. Muna ce musu 'yan gara. Bayan ruwa mai ƙarfi sukan fito ɗaruruwa a kan ƙasar da gara ta turo waje, farare, kowanne bai wuce farcen babban yatsa ba, da ɗan duhu a tsakiyar kai. A gefensu, a inuwar bishiyoyi inda ganye ya ruɓe, akwai wani mai irin girmansu da irin farinsu da irin duhun nan na tsakiyar kai. Shi Dada Ladi ke kira ɗan wari.

Idan bai sha ruwa ba, ido yana iya kama shi. Yana da ɗan ɓarɓashi ja-ja a kan laimarsa, da siririn zobe a wuyansa. To amma mu bayan ruwa muke fita, kuma ruwan yakan wanke ɓarɓashin, zoben ya faɗi. Sai ƙafa ta rage. Ƙafar ɗan gara tana zuwa da dunƙulen jar ƙasa mai danƙo. Ƙafar ɗan wari tana zuwa da farin zare-zare riƙe da guntun ruɓaɓɓen ganye. In ƙafar ta karye a ƙasa, saura hanci. Ba ya wari yana zaune lafiya, sai an murje shi tsakanin yatsu, nan take ya saki warin tayar da aka ƙona, mai maƙalewa a hannu har wuni guda. Dada Ladi ta ce babba in ya ci zai sha wuya ya tashi, yaro kuwa ba a gwadawa.

A damina ta biyu ta fara ɗaure mini ido da ɗankwalina. Ta zauna a kan turmi, ta riƙa ɗora mini ɗaya bayan ɗaya a tafin hannu, in murje, in shinshina, in faɗa. Wata rana kuma ta jefa ɗan wari guda ɗaya tak cikin kwandon da na wuni ina cikawa, ta ce in nemo. In na gama dubawa ban same shi ba, sai ta ɗauki kwandon ta juye a rami a gabana, ko da a gidana ba a ɗora tukunya ba ranar. Sau uku ta yi mini haka, na ukun har na yi kuka. Ko a jikinta. Ta ce, “Hajara, in kin yi shakka a kan ɗaya, duk kwandon ne kika yi shakka a kai. Zubar.” Sai da na cinye wannan jarrabawa damina biyu a jere sannan ta bar ni na zauna da faifai a kasuwa. Ranar da ta rasu, masu sayenta duka suka dawo wurina.

Mutanenmu na nan ba su cika ci ba, wasu ma in sun wuce gaban faifaina sai sun tofar da yawu. Masu saye na gaske Inyamurai ne na Jimeta, masu shaguna da matansu, sai ma'aikata 'yan kudancin jiha. A cikinsu babu kamar Madam Ngozi, matar wani mai sayar da kayan gyaran mota, suna zaune a Demsawo. Ran da ta fara zuwa, ta tsuguna ta riƙa juya kayan tana yi mini tambaya kamar alƙali. Na murje ɗan gara na kai mata hanci, na ciro ɗan warin da nake ajiyewa daban a ƙunshin ganye don irin wannan rana, na murje shi ma na kai mata. Ta ja baya tana tari. Tun daga ranar ba ta sake tambayata komai ba, shekara goma sha biyu. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa “kai” ne a bakinta. Takan ce, “Mama, in kai ka duba, ni ba na duba. Hanci naka ya fi ido nawa.” Ina jin daɗin wannan magana, ba zan ɓoye ba, na ji daɗinta fiye da kima.

Sai shekarar gudun hijira ta zo. Kun dai ji labari, wasunku ma a goye aka shigo da ku. Mutanen Madagali da Michika, daga baya na Mubi, suka kwararo Yola a ƙafa da a bayan manyan motoci. Babu gidan da bai cika ba. A Vinikilang duk wani kango da ba a gama ginawa ba sai da aka rataya masa buhu a taga mutane suka shiga. Da damina ta zagayo ba su koma ba, ba su da gona, ba su da abin yi, sai matansu suka bazu cikin daji neman ganye da itace da duk abin da zai shiga tukunya. Ni kuma gwiwa ta fara ba ni matsala, dajin ma ya zama wurin da ake yi wa mai shigarsa kallon tuhuma. Sai aikin ya juya. Su ke tsintowa su kawo mini kasuwa, ni in baza a faifai in duba, abin da na amince da shi a sayar, su koma da na miyarsu. Duk wadda ta fara zuwa nakan gaya mata dokar: kada a yanke ƙafa, kada a wanke. Nan da nan suka sa mini suna Goggo mai hanci.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, hancin ya mutu. A bazarar shekarar na yi wata mura da zazzaɓi mai nauyi, na kwanta mako biyu. Na warke, amma wari da ƙanshi ba su dawo ba. Na gane ne ran da tuwo ya kama a tukunya ina zaune kusa da murhu, sai da hayaƙi ya shiga idona. Na shaƙi citta, na yi sirace, na sha saiwa iri-iri, shiru. Na ce zai dawo. Ban gaya wa kowa ba, ko 'ya'yana. Da damina ta sauka na zauna da faifaina kamar kullum, ina dubawa da ido da ƙafa, kuma ƙafar ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Amma tunda mutane hancin suka sani, sai in ɗauki ɗaya in murje in kai hanci, in ɗan yi shiru kamar mai saurare, sannan in gyaɗa kai. Wata uku ina wannan abu.

Wata safiyar Laraba, bayan ruwan da aka kwana ana yi, wata mata da ban sani ba ta sauke kwando a gabana. Sunanta Masi, daga Michika, doguwa, ramammiya, zanenta ya koɗe amma a wanke yake tas. Tana zaune a wani kango a bayan unguwarmu da yara uku. Mijinta da babban ɗanta ba ta san inda suke ba tun ran da suka rabu a kan dutse. Ranar ce fitarta ta farko, kuma ba ta biyo sauran matan ba, ita kaɗai ta je, don haka ba wanda ya gaya mata doka. Ta yaye ganyen da ta rufe kwandon, na ga abin da ban taɓa gani ba a sana'ata. Ƙananan ne, farare fes, an wanke su ɗaya bayan ɗaya, an datse ƙafar kowanne daidai wa daida, an jera su kai na kallon sama. A garinsu kayan miya take sayarwa, kuma a can kayan da aka kawo da ƙasa a jiki ba ya shiga. Ta yi ne don ta girmama ni.

“Goggo, na gyara shi da kyau, don kada ki sha wahala,” in ji ta.

Na san abin da ya kamata in yi, ba sai an tuna mini ba. Ba ɓarɓashi, ba zobe, ba ƙafa. In ce ta zubar, ko in kira wata mai hanci ta murje ta shinshina. Ina cikin kallon kwandon sai ga Madam Ngozi ta tsaya a kaina da jakar cefane.

“Mama, wannan ya yi kyau o. Yau ka samu na oyibo, irin na Turawa. Duba shi, zan ɗauka duka.”

Masi ta ce a bar mata kaɗan, yaranta ba su sa komai a baki ba tun jiya da rana, garin masara kawai gare ta ba abin miya. Na ji wannan magana da kunnena. Mata biyu suna tsaye suna kallona, ɗaya ta yarda da ni shekara goma sha biyu, ɗaya ta wuni a duƙe tun asuba. Na ɗibi uku daga gefe daban-daban, na murje, na kai hanci, na yi ɗan shirun nan nawa. Ban ji komai ba, kamar yadda ban ji komai ba tun bazara. Na ce wa kaina wurin da 'yan gara suka yi yawa haka da wuya wani abu ya shiga. Na gyaɗa kai na ce, “Lafiya lau.” Madam ta juye mafi yawa a jakarta. Masi ta ƙulle cikin ƙwarya guda a ganye, ta durƙusa ta yi godiya, ta nufi tashar keke da sauri.

Kusa da ni akwai Ya Falmata, 'yar Borno mai sayar da bandar kifi, mun shekara takwas muna zama kafaɗa da kafaɗa. Bayan kamar rabin awa na ɓare goro na miƙa mata rabi. Ta kai baki, ta tsaya, ta kamo hannuna ta shinshina.

“Hajara, me kika taɓa? Hannunki warin ƙonanniyar taya yake yi. Duk da warin kifin nan nawa, sai da na ji shi.”

Nan take na gane. Ban duba wani kwando ba bayan na Masi.

A nan ne na yi kuskure na biyu, kuma ya fi na farko muni, don shi ina cikin hankalina na yi shi. Ya Falmata tana da waya, tana da lambar Madam, don a wurinta Madam ke sayen kifi. Kira ɗaya ya isa a ce kada ta dafa, ni kuma in hau keke in bi Masi. Amma kiran yana nufin in buɗe baki a tsakiyar rumfa in faɗi dalili, kafin azahar duk kasuwa ta ji Goggo mai hanci ba ta da hanci. Sai na ce wa Ya Falmata ai takalmin roba na taɓa, ta duba mini faifai, yanzu zan dawo. Na yi lissafin cewa Demsawo kusa ne, in je in karɓo kayan da wata dabara, sannan in wuce Vinikilang, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Na san sarai gidan da ake jin yunwa, na nufi gidan da nake jin kunya.

Na tarar da Madam a tsakar gida tana tsince ganyen ugu, naman kazan yana cikin roba a gefe, ko taɓa shi ba ta yi ba. Miyar dare za ta yi. Na ce mata na tuna wata ta riga ta yi maganarsa, ta ba ni, gobe in kawo mata wanda ya fi shi. Ta ɗago ta dube ni.

“Mama, shekara nawa, ba ka taɓa zuwa gida nawa ba. Yau ka zo kana gumi. Abeg, faɗa mini gaskiya.”

Ta jawo robar, ta ɗibi kaɗan ta murje kamar yadda na nuna mata tun ranar farko, ta kai hanci. Na farko ba komai, na biyu ba komai. A na huɗu ta kawar da kai.

“Amma ka shinshina shi a gabana.”

Na ce, “Madam, hancina ya mutu tun bazara.”

Ba ta zage ni ba, da ta zaga da ya fi mini sauƙi. Abu ɗaya ta tambaya: “Wancan mata mai yara fa?” Da ta ga fuskata sai ta miƙe, ta ɗaura zane a kan rigar gida, ta ja hannuna muka fita titi. Muka hau keke.

A lokacin ba a haye gadar Binuwai yadda kuke hayewa yanzu. Akwai shingen bincike, ana sauke fasinja, a buɗe kaya, a bi layi a ƙafa. Ba laifin kowa ba ne, zamanin ne ya zo da haka, kuma da safe lokacin da Masi ta wuce layin bai yi tsawo ba. Mu mun iso ana tsakiyar cunkoso. Na tsaya a layin ina kallon ruwan kogi ya cika ya yi ja, ina lissafin abin da mace ke buƙata ta hura wuta ta tuƙa tuwon masara ta kaɗa miya. Kowane lissafi na yi, sai ya nuna mini da na taho kai tsaye daga kasuwa da na riske ta.

Ana kiran azahar muka shiga kangon. Tukunya tana kife a kan duwatsun murhu, an riga an wanke. Yara biyu manya suna wasa da ƙasa a ƙofa. Ƙaramar, Kwanye, 'yar shekara uku, tana barci a kan buhu, cikinta ya ɗan taso, da sauran miya a gefen bakinta. Masi ta taso da fara'a tana neman abin da za ta shimfiɗa mana. Ta ce sun ci sun ƙoshi, rabonsu da irin wannan tun a gida. Ita gishiri kawai ta ɗanɗana, ta bar musu. Ƙaramar ce ma ta fi cin naman, tana tsamowa da hannu tana cewa a ƙara.

Madam ce ta yi magana. Ta ce an sami marar kyau a cikin kayan, a tashi a tafi asibiti yanzu, kada a jira. Ita ta saɓi Kwanye a kafaɗa, ita ta tsayar da mota, ita ta tsaya a kan komai a can. Kafin magariba duk ukun sun fara amai da gudawa. Manyan biyu suka sha wuya kwana biyu suka tashi. Kwanye ma a rana ta biyu ta farfaɗo, ta zauna, ta sha kunu, har ta yi wasa da 'yan kunnen Madam, na koma gefe na yi sujada. Rana ta uku idanunta suka koma ruwan ɗorawa. Likita ya ce abin ya taɓa hanta. Rana ta biyar da hantsi ta cika. Yarinyar da uwarta ta goyo ta hau duwatsu da ita kwana da kwanaki ba abin da ya same ta, ta zo ta mutu a kan kalmata.

A bakin asibitin Madam ta ja ni gefe. Ta ce, “Ban faɗa wa kowa magana na hanci ba. Ba ni zan faɗa wa Masi ba. Kai ne za ka faɗa.” Daga ranar ba ta sake sayen naman kaza ba, ba a wurina ba, ba a wurin kowa ba. Ni ma ban sake zama da faifai ba. Na aika wa matan da ke kawo mini kaya cewa gwiwa ta hana ni, suka yarda. Na je jana'iza, na je gaisuwa, na kai abinci, na zauna cikin mata na yi shiru. Kullum in ce gobe zan faɗa mata. Na yi kwana goma sha ɗaya ina cewa gobe.

Ita ce ta zo. Da la'asar ina tankaɗe a tsakar gida ta yi sallama, ta ƙi hawa tabarma, ta durƙusa a ƙasa a gabana.

“Goggo, na zo ki yafe mini. Matan sun gaya mini ba a wankewa, ba a yanke ƙafa. Sun ce wankin da na yi ne ya kashe warin, shi ya sa ba ki ji ba. Ni na kashe 'yata da hannuna, na kuma ɓata miki suna wurin Madam, har kin bar kasuwa. Ban sani ba ne, Goggo.”

Ga ƙofa ta buɗe mini da kanta. In ce Allah ya yafe mana duka, ta tashi ta tafi da kayan a kanta har ƙarshen ranta, ni kuma in ci gaba da zama Goggo mai hanci. Ba zan ce ban duba ƙofar nan ba, na duba ta. Amma na ajiye rariyar na ce mata wanki ba ya kashe warin ɗan wari in an murje shi. Na ce mata Ya Falmata ta ji shi a hannuna bayan rabin awa, a tsakiyar warin kifi. Na ce mata hancina ya mutu tun bazara, ranar da na duba kwandonta ban ji komai ba, kuma da na gane, Demsawo na fara zuwa. Ban rage komai ba.

Ta sunkuyar da kai. Da ta yi magana, muryarta ba ta tashi ba.

“Da miyar ta tafasa na ji wani wari. Na ɗauke ludayi na tsaya. Har na sauke tukunyar. Sai na ce, ai Goggo ta shinshina.” Ta ɗago ta dube ni. “In ba kya ji, Goggo, me ya sa kika kai shi hanci?”

Ta jira amsa. Ta daɗe tana jira, don da gaske take tambaya, ba gori take yi mini ba. Da ta ga ba ni da ita, sai ta miƙe, ta kakkaɓe ƙasar gwiwarta, ta ce in huta gajiya, ta fita.